Ƙwan Fitilar da Sama'ila Ya Saka

Ni na sa aka kashe ɗan hasken nan da ke cikin motata, kuma daga ranar uwarku ba ta sake shiga motar ba har ta koma ga Allah. Wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka kai ga haka, domin a lokacin kai Musa da ƙannenka yara ne, ke kuma Rabi kina ɗakin mijinki a Balan, sai abin da aka kai miki. Kun girma kuna faɗa a tsakaninku cewa Baba ba shi da tausayi. Yana dawo mini. Ban yi boko ba, ban iya doguwar magana ba, amma wannan zan faɗe shi sau ɗaya a rubuta, wanda zai yarda ya yarda.

Tuƙi ne sana'ata tun ina saurayi. A shekarar da nake magana ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Gaya da Ajingi, ranar kasuwa in leƙa har Gafasa, in ɗauko mutane da buhuna da kaji. A ƙauyenmu ita kaɗai ce mota. Mai naƙuda ni, wanda ya faɗo daga bishiya ni, gawa ma ni. Ba na ajiye ta a ƙofar gida saboda yara, sai a bayan gida cikin shingen kara, kusa da turken awakin uwarku.

Yayanku Sama'ila shi ne ɗanmu na fari. Ku 'yan yanzu kuna yi wa abin dariya, amma uwarku Hajara irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi kakarsa ce ta ɗauke shi. In ya shigo gida ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. In za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron can”. In ba shi da lafiya ba za ta leƙa ɗakinsa ba, sai dai ta dama kunu ta ba ɗayanku ya kai, ta tsaya a bakin murhu har a dawo da kwanon, ta duba ko ya sha. Haka ta taso ta ga ana yi, haka ta yi. Kada wani ya ce muku ba ta son sa. Ba a ba ta hanyar nunawa ba ne.

Ya koyi gyaran waya a Gaya, hannunsa yana da kyau. Gab da zai tafi neman kuɗi sai ya zo mini da wasu ƙananan ƙwayayen fitila a cikin leda, farare, irin na zamani da suke kira LED. Ya ce fitilar rufin motata ja ce kamar ta aci-balbal, ko fuskar fasinja ba a gani. Da la'asar ne, muna gindin darbejiya. Ya ɓalle murfin, ya zare tsohon ƙwan, ya danna sabon, ya kunna. Bai kama ba. Na ce masa ga irin kayan nasu nan, kyau a ido, aiki babu.

“Baba, wannan ba irin na da ba ne,” in ji shi. “Yana da gaba da baya. In ka saka shi a juye ba ya kamawa.”

Ya zare ya juya shi ya mayar, sai ga haske fari tas, har da rana ana ganinsa. Uwarku ta zo wucewa da ƙwaryar dusa. Ba ta tsaya ba. Ta ce wa iska wasu dai ba su da aikin yi sai wasa da wuta. Amma na ga ta waiga bayan ta wuce.

Bayan girbi ya tafi. Ya ce gyaran waya a Gaya ba zai gina masa ɗaki ba, abokansa sun bi ta Agadas sun samu aiki a gaba. Ban hana shi ba. Namiji ne, ni ma a shekarunsa ban zauna ba. Yana kira a wayata lokaci lokaci. Uwarku ba ta taɓa karɓar wayar ba. In ta ji na ce “Sama'ila” sai ta jawo faifai ta zauna nesa kaɗan tana tsintar wake, wanda ta riga ta tsince. In na gama ba za ta tambaya ba. Ni ne zan ɗaga murya in ce da ku yara yayanku yana gaishe ku, yana lafiya, ya ce ya ci abinci. Sai ta tashi da faifanta. Kiran ƙarshe ya zo da bazara. Ya ce za su shiga sahara, in an ji shi shiru kada a damu, babu sabis a can. Aka ji shi shiru. Na kira lambar har na haddace muryar matar nan da ke cewa a kashe take.

Da ruwan farko ya sauka, wata magariba uwarku ta dawo daga ba awaki dusa ta ce mini na bar wuta a mota. Na je. Makunnin yana kashe, ƙofofi a rufe. Amma ƙwan nan yana wani ɗan haske, kaɗan, kamar garwashin da toka ta rufe, sai dai fari. Da rana ba ka ganinsa. Sai duhu ya fara. Na kunna na kashe, na buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya na buga su da ƙarfi, na danna 'yan maɓallan da ke jikin ƙofa da yatsa. Yana nan. Na ce gobe in na shiga Gaya zan sa a duba. Tana tsaye a bayana da ƙwarya.

“A bar shi mana, Malam,” ta ce. “Me ya ci maka?”

Tun da na aure ta ba ta taɓa sa baki a maganar mota ba sai ranar. Na bar shi.

Daga nan ba da dusa ya fara daɗewa. Aikin da take yi kafin a idar da alwala sai ya koma har a fito daga masallaci tana can. In na leƙa sai in gan ta tsaye a jikin shinge, awaki sun gama ci tuni, ita tana kallon gilashin mota. Sai in juya in koma cikin gida. A daidai lokacin ne kuma motar ta fara ƙin tashi da safe. In murɗa makulli sai ta yi ƙas, ta yi shiru. Sai an tura. Na ɗauka batir ne ya tsufa, na kai caji, ya yi kwana biyu ya koma. Na wanke kan batir da ruwan zafi na kankare farin garin da ya taru. Bai hana ba. Na ari batirin wani direba, lafiyayye, shi ma motar ta shanye shi kafin gari ya waye. Samarin ƙauye suka mai da ni abin tsokana. In sun hango ni da safe sai su ce Baba Idi ya zo karya musu kumallo da turi, wani ya ce gara in saya mata jaki ya riƙa jan ta.

Wani direba a tasha ya ce in riƙa cire kan batir in na ajiye mota. Na yi haka wata yamma. Ban kawo komai a raina ba. Uwarku ta je wajen awaki, ba ta daɗe ba ta dawo. Ta zuba muku tuwo, ita ba ta ci ba. Ta zo ta tsuguna a gefen tabarmata, abin da ba ta yi a gabanku, ta ce da ni a hankali, “Ya mutu.” Na ce wa? Ta ce hasken. Na dubi fuskarta, na tashi na je na mayar da kan batir. A ranar na gane abin da take zuwa kallo. Ba ta taɓa faɗa da baki ba cewa muddin ƙwan nan yana haske yaron yana raye. Ni ma ban taɓa tambayarta ba. Amma mun zauna tare shekarun da ba sai an faɗa ba.

Na sake gwada abu ɗaya ba da saninta ba, ranar da ta tafi bikin suna a Balan ta kwana. Na nemo tsohon jan ƙwan na mayar. Shi bai yi hasken ba ko kaɗan, amma da safe batir ya mutu kamar kullum. Sai na ce ashe ba ƙwan Sama'ila ne ɓarawon ba, tunda an cire shi ba a daina sata ba. Na mayar da shi kafin ta dawo, na ci gaba da neman masu turi. Na yi ta cewa zan kai wa rewaya, mai gyaran wutar mota, ina ɗagawa, domin na san in ya buɗe wayoyin nan ba zai bar komai yana ci ba bisa ƙa'ida ba.

Malam Buba maƙwabcin gonata ne, Bafulatanin da ya ajiye sanda ya kama fartanya, mutum mai shiru. Tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, da safe ya fita noma, kububuwa ta sare shi a ƙafa. 'Ya'yansa suka ɗauko shi a kafaɗa har bayan gidana. Muka kwantar da shi a kujerar baya. Na murɗa makulli, ta yi ƙas. Na sake, ko ƙas ɗin ba ta yi ba. Maza duk suna gona. Daga 'ya'yansa sai tsofaffi sai mata. Muka tura, ƙasa ta jiƙe, tayoyi suna sulɓi a caɓi, motar ba ta samu gudun da za ta kama ba. Muka tura gaba, muka tura baya. Yana kwance yana kallon rufin mota yana salati, jini ya fara fitowa ta dasashinsa. Da ƙyar aka samo babur daga wani ƙauye, aka sa shi a tsakiya, ɗansa ya riƙe shi ta baya. Ya cika a asibiti a Gaya kafin la'asar.

Ban ce da motar ta tashi zai rayu ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ni ne na zauna a gaban sitiyari ina murɗa makulli yana bayana. A wajen zaman makoki yayansa ya karɓi gaisuwata, ya riƙe hannuna, ya ce, “Idi, motar ta tashi kuwa?” Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da ya fi mini sauƙi.

Washegarin sadakar uku aka tura ni na nufi Gaya wajen Ɗanjuma rewaya. Bazazzagi ne, ya daɗe a garin, abokin wasana. Kullum in ya gan ni sai ya ce ga bawansa ya kawo gaisuwa, in ce masa bawa ba ya zama a inuwa ubangijinsa yana rana. Ran nan ya fara, ya ga ban amsa ba, ya bari. Ya ji labarin Buba. Ya ɗaura mitarsa ta auna wuta a kan batir, mota a kashe, ya nuna mini allurar tana motsi, ya ce wuta tana zurarewa ta wani wuri. Ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya yana duban mitar, har ya zo kan na fitilar ciki, allurar ta kwanta. Ya bi wayar daga rufi, ya sauko ta ginshiƙin gilashi, ya zo inda wayoyi ke shiga ƙofar direba ta cikin wata roba. Ya zare robar, ruwa ya zubo. Buɗe ƙofa da rufewa na shekaru ya cinye bawon wayar, ta yi kore da tsatsa, tana ɗan taɓa ƙarfen mota.

Ya ce ga ɓarawona. Ya ce ƙwan ba shi da laifi, shi ne ma ya yi ta nuna mini ana sata ban gane ba. Tsohon ƙwai mai cin wuta ne, ɗan abin da ke zurarewa bai isa ya tashe shi ba, shi ya sa na ga bai yi haske ba. Wannan na zamani kuwa ko ƙanshin wuta ya ji sai ya amsa. Na tambaye shi in ya gyara wayar hasken zai ci gaba. Ya ce a'a, in an toshe yoyon hasken ya tafi, sai in an buɗe ƙofa ko an kunna. Ya tambaye ni me ya sa na damu da hasken. Ban saba kai maganar gidana gareji ba, amma na gaya masa.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi tunani. Sai ya ce akwai dabara. Zai gyara wayar, mota ta riƙa tashi. Sannan ya samo ɗan batirin fitilar caji ya ɓoye shi a cikin rufin, ya haɗa da ƙwan ta wani ɗan abu mai rage wuta, ya riƙa ba da hasken nan daidai yadda yake. Ba zai taɓa batirin mota ba. Abin da zan yi kawai in riƙa zaro shi lokaci lokaci ina caji a tasha.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya na daɗe. Ga abin da na gani, kuma shi nake so ku ji. Na ga uwarku tana fita kowace magariba tana tsayawa a gaban abin da ni na haɗa, tana yi wa Allah godiya a kan batirin tocila. Na ga ni ne zan riƙe ran yaron a aljihuna, in kai shi caji, in dawo da shi. In na manta rana ɗaya na kashe mata ɗa. In ban manta ba, har yaushe? Shekara nawa? Wace rana zan zaɓa in ce yau ya isa? Ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, ko a kan abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Na ce da Ɗanjuma ya gyara wayar, kada ya ƙara komai.

“Idi,” ya ce, ba wasa a muryarsa, “uwa ce fa. Wa zai sani?”

“Ni,” na ce.

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya haɗa sabuwar waya, ya naɗe da salatif, ya mayar da robar. Muka rufe ƙofa, ya kare gilashi da tafin hannunsa yana leƙe. Babu komai. Na ce ya ba ni guntun wayar da ya yanke.

Ban jira magariba ta je ta gani da kanta ba. Da rana tsaka na dawo, na same ta tana tankaɗe, na kore ku waje. Na ɗora mata guntun wayar a tafin hannu, na yi mata bayani yadda Ɗanjuma ya yi mini, na ce wannan ce ta hana motar tashi ranar Buba, kuma ita ce take kunna ƙwan. Na ce an gyara, hasken ba zai sake zuwa ba. Ta juya wayar a hannunta. Ba ta yi kuka ba.

“Na san waya ce, Malam,” ta ce. “Ka ɗauka ban sani ba?”

Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba.

“Kai kana da tasha. Kana tare direbobin arewa kana tambaya, kana faɗa a masallaci a yi addu'a. Ni ina zan je? In ce ina cigiyar wa? Nan ne kawai nake zuwa in tsaya, ba wanda zai ce na yi rashin kunya.”

Sai na gaya mata dabarar Ɗanjuma, ban ɓoye ba. Na ce na ƙi, amma in tana so yanzu, tunda ta san ko mene ne, gobe sai in koma a saka. Ta girgiza kai. Ta ce wanda yaron can ya bari da hannunsa daban, wanda zan je in sayo daban. Ta ce ba ta ce kada in gyara ba, matar Buba ma mace ce. Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki rariyarta.

Wannan ita ce maganar da aka yi, ba wadda kuka ƙulla ba. Ba ta zage ni ba, ba ta yi yaji ba, ba ta daina dafa mini abinci ba. Amma ba ta sake zuwa wajen shingen nan ba. Awakin ta aika wa Rabi da su Balan. Motar kuwa ta ce ba za ta iya ba, domin ƙwan yana nan, da an buɗe ƙofa zai haska mata fuska. Na ce in cire shi. Ta ce kada in kuskura. To ba a cire ba, ba ta shiga ba. In za ta unguwa sai ta hau babur ko ta taka. Mutane suka ga matar direba tana tafiya a ƙasa mijinta yana wuce ta da mota, suka ce abin da suka ga dama, ku ma kuka ɗauka. Hirar da muke yi bayan sallar isha'i ta ragu har ta ƙare. Muna gida ɗaya, muna gaisawa, shi ke nan.

Bayan damina biyu ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ranar da ya yi tsanani na jawo mota har ƙofar ɗaki na buɗe mata baya. Numfashi da ƙyar take yi, amma ta ɗaga hannu ta ce a'a. Kai Musa ka yi mini tsawa a ranar, ka ce in ɗauke ta da ƙarfi. Ban ɗauke ta ba. Aka kira adaidaita, Rabi ta rungume ta a ciki, ni na bi su a baya da mota ba kowa a cikinta, a hankali, har Gaya. Motar ta tashi da murɗa ɗaya ranar. Kwananta huɗu a asibiti.

Kun sha tambayata ko na yi nadama. Na yi baƙin ciki, har yanzu ina yi. Amma in aka mayar da ni kan tayar nan a garejin Ɗanjuma, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Bayan gyaran nan motar ta kai mata masu naƙuda asibiti da ban san adadinsu ba, ba a sake tura ta da marar lafiya a ciki ba. Uwarku ta san haka. Ita ta biya, ni ma na biya, kuma ba ta taɓa cewa a mayar da yoyon ba.

Yanzu idona ya yi rauni, na sayar da motar, na bar ƙauye. Ina Gaya, a ɗakin zauren gidan Musa. In ƙafata ta yarda nakan taka zuwa tasha in zauna, in na ji an ce wani ya dawo daga arewa in tambaye shi. Ban ji Sama'ila ya mutu ba, ban ji yana raye ba. Gonarsa ta hanyar Gafasa tana nan, ana nomawa ana ajiye masa rabonsa na hatsi, in ya fara lalacewa a yi sadaka da shi a zuba sabo. Ba za a raba ta ba ina numfashi.